Kan Zafi da Tambayar Abin da Ba Ya Iya Zama Asalin Kansa

A watan Mayun 2008, a Jami'ar Bath da ke Ingila, wata na'ura ta gama buga sassan wata irinta, aka harhaɗa su, sabuwar ta tashi aiki, kuma ba a jima ba ita ma ta buga sashe na farko na jika. Sunan aikin RepRap, wanda Adrian Bowyer, malamin injiniyanci a jami'ar, ya soma a 2005, na'urar kuwa aka raɗa mata suna Darwin. Manufar ita ce a samu inji mai araha da zai zauna a kan tebur, ya riƙa narkar da zaren roba yana jera shi hawa-hawa har ya zama kofi ko marfi ko maɗauri, sannan a cikin abubuwan da yake bugawa har da jikinsa. Labari ya bazu cewa an samu injin da ke haifar kansa. Amma duk wanda ya tsaya ya dubi uwar da 'yar zai ga cewa abin da aka buga gaɓoɓin roba ne kawai, waɗanda ke riƙe sandunan ƙarfe a kusurwoyi. Sandunan da kansu, da notuna, da boris, da bel, da ƙananan injinan da ke jan su, da allon lantarki, duk sayo su aka yi. Masu harkar suna ce wa waɗannan kayan saye bitamin, domin na'urar ba ta rayuwa sai da su, kuma ba ta iya samar da su daga cikinta. A cikin bitamin ɗin akwai guda da matsayinsa ya sha bamban da na sauran, shi ne kan zafi, wato sashen da ke narkar da robar ya fitar da ita. Ina ganin wanda ya fahimci dalilin da ya sa na'urar ba ta iya buga wannan sashe, ya kama bakin zaren wata tsohuwar mas'ala ta ilimin tauhidi: shin abin da aka samar zai iya zama asalin samuwar kansa?

Sai an san yadda sashen yake aiki kafin tambayar ta yi nauyi. Zaren robar da akasarin waɗannan na'urori ke ci kaurinsa milimita 1.75 ne. Ana turo shi daga sama, ya bi ta wani gida na alminiyam mai haƙarƙari wanda fanka ke hura wa iska ba tsayawa, ya gangara ta wani siririn maƙogwaro na ƙarfe, ya shiga dunƙulen alminiyam mai ɗauke da hita da ma'aunin zafi, daga nan ya fito ta nozul na tagulla wanda hudarsa galibi milimita 0.4 ce. Robar da aka fi amfani da ita, PLA, ana buga ta a kusan digiri 200 na ma'aunin Salshiyas, amma tun a wajen digiri 60 take fara laushi. A nan wahalar take. Dole zaren ya kasance da ƙwari a sama, domin shi ne sandar da ke tura narkakken da ke ƙasa, kuma dole ya zama ruwa-ruwa a ƙasa domin ya bi ta huda. Tsakanin halin nan biyu milimitoci kaɗan ne. Shi ya sa ake yin maƙogwaron da ƙarfen da ba ya tsatsa ko da titaniyam, waɗanda ba sa saurin kai zafi, kuma a fere bangonsa ya yi siriri ƙwarai, don zafin ya rasa hanyar hawa. In fanka ta mutu ko maƙogwaron ya yi kauri, zafi ya rarrafa sama, zaren ya kumbura a inda bai kamata ba, ya toshe hanya, na'urar ta ci gaba da kai-komo a iska ba ta fitar da komai. Kan zafi, ke nan, iyaka ce da aka gina tsakanin daskararre da narkakke, kuma ingancin kowane abu da za a buga yana rataye a kan yadda iyakar nan ta tsaya.

Boris da bel, da a ce za a haƙura da ƙarancin inganci, ana iya buga makamancinsu da roba, kuma mutane sun gwada. Kan zafi bai karɓi wannan sassauci ba. Sharaɗin aikinsa shi ne ya kasance tsaye kyam a daidai zafin da abin da ke ratsa shi yake kwarara. Duk abin da na'urar ta iya bugawa, ta iya ne saboda yana narkewa a cikin kanta, kuma duk abin da ke narkewa a cikin kanta ba zai iya zama kan ba. Wannan ba gazawar Bowyer ba ce, ba kuma ƙarancin kuɗi ba ne. Sifar da ta sa roba ta zama abin bugawa ita ce dai sifar da ta hana ta zama mai bugawa. Alminiyam ɗin dunƙulen sai a digiri 660 yake narkewa, tagullar nozul sai an haura 900, kuma wannan tazara tsakaninsu da robar ita ce jarin na'urar baki ɗaya. Jarin kuwa daga waje ya zo, daga masana'antun da ke narkar da ƙarfe da injinan da ke fere shi.

Wanda ya zo sauya kan zafi yana ganin wannan dogaro a kowane mataki. A ɗauki Ender 3, na'urar da kamfanin Creality na birnin Shenzhen ya fitar a 2018, wadda ta shiga gidaje masu yawa saboda araharta. A kanta na asali, bututun PTFE, wato robar nan mai santsi da ake shafe kaskon suya da ita, yana gangarowa har bakin nozul. Bututun yana fara lalacewa idan zafi ya kai wajen digiri 250, yana kuma fitar da hayaƙi mai cutarwa, don haka mai son buga nailan ko wasu robobi masu buƙatar wuta sosai sai ya cire kan ya sa wanda hanyarsa ƙarfe ce zalla, irin V6 da kamfanin E3D na Ingila ya fitar a 2014. Kafin ya taɓa sifana sai ya duba ƙarfin wutar hitar, domin akwai ta bolt 12 akwai ta bolt 24, kuma idan aka jona ta 12 a kan 24 ba ninki biyu take zafi ba, ninki huɗu ne: hita mai wat 40 ta koma tana zuba wat 160 a cikin ɗan dunƙulen da bai kai akwatin ashana ba. Sannan ɗaurin nozul yana da ƙa'idar da ido ba ya nunawa. Ba a jikin dunƙulen ake so ya tsaya ba, a bakin maƙogwaron ake so ya dafe daga ciki, shi ya sa ake barin ɗan tsagi tsakanin kafaɗar nozul da dunƙulen. Ɗaurin ƙarshe kuma sai an kunna wuta, a kan V6 har digiri 285, saboda alminiyam ya fi sauran ƙarafan buɗewa idan ya ji zafi, kuma abin da aka ɗaure da sanyi zai saki da zafi, narkakkiyar roba ta tsiyayo ta zaren noti ta lulluɓe wayoyi. Bayan haka sai a sake auna tazarar nozul da faranti, tun da sabon kan da wuya tsawonsa ya yi daidai da tsohon. Ko ɗaya daga cikin ayyukan nan na'urar ba ta iya yi wa kanta, domin a lokacin da ake yin su ba ta da kan da za ta yi aiki da shi.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi, kuma shi ne matakin da masu gaggawa suke tsallakewa. Na'urar ba ta san zafin jikinta ba. Abin da ke cikin dunƙulen wani ɗan ƙwaya ne wanda tirjiyarsa ga lantarki take raguwa idan zafi ya ƙaru, kuma allon lantarki wannan tirjiya kawai yake karantawa. Fassara ta zuwa digiri tana hannun wani jadawali da mutum ya rubuta a cikin manhajar da ke tafiyar da na'urar, wadda a yawancin irin waɗannan ita ce Marlin. Idan aka sauya kan zafi aka zo da ma'auni na wani kamfani ba a sauya jadawalin ba, fuskar na'urar za ta nuna lamba ɗaya alhali dunƙulen yana wani zafin daban, kuma ba ta da wata hanyar gane an ruɗe ta. Idan kuwa ma'aunin ya zame daga raminsa, allon zai ga sanyi, ya ci gaba da ƙara wuta a kan abin da ya riga ya yi ja, kuma ta wannan hanya gobara ta sha tashi. Kariyar da aka sa wa manhajar, wadda ke kashe hita idan an daɗe ana ba ta wuta lamba ba ta motsa ba, ita ma wani ne ya hango haɗarin ya rubuta ta. Har gwajin da ake sa na'urar ta yi da umarnin M303, inda take hawa da sauka a kusa da zafin da aka zaɓa don ta koyi yadda za ta riƙe shi ba tangaɗi, koyo ne a cikin iyakokin da aka shata mata. Jikinta aro ne, abin da take sani game da jikin nata ma aro ne.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan duka ta girmi lantarki da dubban shekaru, kuma maƙera ne suka fara cin karo da ita. Ba a ƙera awartaki sai an riƙe jan ƙarfe da wani awartakin, to na farko da me aka riƙe shi? Malaman Yahudawa na dā sun ga nauyin tambayar har a littafin Mishna, a babin Abot, aka kawo ra'ayin masu cewa awartaki na farko yana cikin abubuwan da aka halitta kai tsaye a ƙarshen kwanakin halitta. A tafsirin Ɗabari kuma, ƙarƙashin ayar ƙarfe ta Suratul Hadid, an ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi Adamu ya sauko da uwar maƙera da awartaki da masaba. Ban kawo waɗannan don in kafa hujja a kan ingancin ruwayarsu ba. Na kawo su ne don a ga cewa mutane daban-daban sun lura da abu guda: kayan aiki yana buƙatar kayan aiki kafinsa. Malaman tauhidi su ne suka tace wannan lura ta zama ƙa'ida. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya san ƙofofi biyu da ake rufewa kafin a tabbatar da cewa Mahalicci daɗaɗɗe ne: kewayo da sarƙa. Kewayo shi ne a ce wannan ya samar da wancan, wancan kuma ya samar da wannan, wanda ke nufin abu ya riga kansa samuwa. Sarƙa ita ce a ce kowane fararre wani fararre ne ya samar da shi, a yi ta komawa baya ba iyaka. Na'urar da aka cire wa kai aka ce ta buga wa kanta sabo ta shiga kewayo sosai: tana buƙatar kan don ta buga kan. In aka ce ai uwarta ce za ta buga mata, an fita daga kewayo an shiga sarƙa, kuma sarƙar ma ba ta warware komai, domin uwar roba take bugawa.

Mai ja da wannan magana yana da abin faɗa, kuma abin nasa mai ƙarfi ne. Zai ce wannan iyaka ta na'urar roba ce kawai. Tsohon kan da ake kira J-head gangar jikinsa da robar PEEK aka yi, wadda ke narkewa a digiri 343, kuma a yau akwai na'urorin da ke buga PEEK ɗin. Ana iya ba shi amsa da cewa masu buga ta suna yin haka ne da kan ƙarfe mai kaiwa digiri 400, wato an hau mataki ɗaya ne kawai na tsani. Amma zai ƙara da cewa akwai na'urori masu narkar da garin ƙarfe da hasken leza, suna buga titaniyam da ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma haske ba ya buƙatar mazubin da ya fi abin da yake narkarwa jure wuta. Nan gaskiya tana tare da shi. Ƙa'idar da ta hana na'urar roba buga kanta ba ta hau kan leza ba, kuma ba abin da ya hana irin wannan inji ya buga dunƙule da maƙogwaro. Ko a Talmud, wani littafin malaman Yahudawan, da aka kawo maganar awartaki na farko, an samu wanda ya amsa cewa ai ana iya zuba shi a mazubi. Saboda haka wanda ya jingina imaninsa a kan cewa injiniyoyi ba za su taɓa cike wani giɓi ba, ya ajiye shi a wuri mai hatsari, kuma ba na son a fahimci maganata haka. John von Neumann ya nuna tun a laccocinsa na 1948 da 1949 cewa inji mai kwafar kansa ba abu ne da hankali ya kore ba, muddin yana da sashe mai gini, da sashe mai kwafa, da rubutaccen bayanin kansa. A 1980 hukumar NASA ta tara masana suka yi nazarin masana'antar da za ta riƙa kwafar kanta a duniyar wata. A ɗauka an yi nasara gaba ɗaya, an samu injin da ke haƙo ma'adini, ya tace, ya ƙera lezarsa da allonsa, ba ya sayen komai. Abin da ya faru shi ne bitamin ɗin sun sauya suna. Da noti da hita ne, yanzu sun koma ƙasa mai ƙarfe a cikinta, da hasken rana, da tabbatar cewa titaniyam zai narke gobe a zafin da ya narke jiya. Cikin injina biyun da von Neumann ya zana, na farko yana iyo ne a cikin tafkin sassan da aka riga aka tanada, na biyun kuma yana zaune a kan allo mai gidaje da dokokin da aka riga aka gindaya. Ko a lissafi tsantsa, mai kwafar kansa sai an ba shi fili da doka kafin ya motsa.

Wani zai nuna rayayyun halittu ya ce ga amsa nan: ƙwayar halitta tana rabewa biyu ba tare da mai sifana ya tsaya a kanta ba. Gaskiya ne ta fi kowane inji nisa a wannan fage, kuma shi kansa Bowyer daga halittu ya ɗauko tunaninsa. Ya kwatanta alaƙar na'urarsa da mutane da alaƙar fure da ƙwarin da ke kai masa barbara: na'urar tana ba mutum kayan amfani, mutum yana harhaɗa mata 'ya'ya. Wato tun farko bai yi da'awar cewa za ta tsaya da kanta ba, masu yayata labarin ne suka yi masa ƙari. Ita kuwa ƙwayar halitta, idan aka matsa kusa da ita, hali ɗaya ake tararwa. A 2010 cibiyar Craig Venter ta haɗa cikakken kundin gadon wata ƙwayar bakteriya a ɗakin gwaji, amma kundin bai yi komai ba sai da aka dasa shi a cikin wata ƙwaya mai rai wadda take da injinan karanta shi. A 2016 suka rage kundin zuwa ƙwayoyin gado 473, kuma abin da ya fito ba ya rayuwa sai a cikin ruwan abincin da aka cika da duk abin da ya daina iya haɗawa. Iya raguwar abin da ke cikinta, iya ƙaruwar abin da take jira daga waje. Kundi yana buƙatar mai karatu, mai karatun kuma daga kundin ake gina shi. Yadda wannan zagaye ya faro tambaya ce da masu bincike ke aiki a kanta, kuma ya kamata su ci gaba. Duk amsar da suka samo za ta kasance bayanin yadda wani abu ya fito daga wani abu da ya riga shi, a ƙarƙashin dokokin da suka riga su duka biyu.

Akwai kuma ƙorafi daga ɓangaren masu addini, kuma na fi jin nauyinsa. Za su ce kwatanta Mahalicci da mai ƙera na'ura rashin ladabi ne, tun da babu abin da ya yi kama da Shi. Ƙorafin zai yi daidai da a ce hujjar irin ta William Paley ce. A littafinsa na 1802, Paley ya yi misali da agogon da aka tsinta a fili, har ya ƙaddara agogon da ke haifar wani agogon, ya ce hakan ƙara nuna gwanintar maƙerinsa zai yi. Raunin wannan hanya shi ne tana iya barin mai sauraro da hoton wani babban injiniya, wanda ya fi Bowyer iyawa amma irinsa ne. Abin da kan zafi yake nunawa daban ne. Bowyer yana cikin sarƙar, ba a wajenta yake ba. Bai samar da alminiyam ba, bai sa wa PLA zafin narkewarta ba, ya tarar da su ne ya jera. Wannan shi ne ƙira: sauya wa samammen abu siffa ta hanyar bin halayen da aka tarar a cikinsa. Idan sarƙar masu ƙira tana da abin da ta dogara a kansa, to lallai wannan abin ba maƙeri ba ne na sama da sauran, domin da yana buƙatar kayan aiki ko fili ko doka da shi ma ya shiga layi. Abin da malaman tauhidi ke kira tsayuwa da kai da saɓa wa fararru ke nan, kuma hujjar da kanta ce take kai mutum ga kore kamanni. Suratu Ɗur ta jefa wa masu musu tambayar a taƙaice, ko an samar da su ne ba daga komai ba, ko kuwa su ne suka samar da kansu, kuma na'urar da aka cire wa kai misali ce ta rushewar zaɓi na biyu kawai.

Saura zaɓin sarƙa marar farko, wanda David Hume ya kare a littafinsa kan addini da aka buga a 1779, bayan rasuwarsa. A ganinsa, idan aka nuna maka sanadin kowane ɗaya daga cikin abubuwa ashirin, neman sanadin ashirin ɗin a dunƙule rashin hankali ne, tun da jimla ba wani abu ba ce ban da ɗaiɗaikunta. A gwada wannan a kan zuriyar RepRap. Darwin ta haifi na'urar Mendel a 2009, daga Mendel Josef Prusa na birnin Prag ya fitar da tasa, har aka kai ga i3 a 2012, wadda aka kwafi tsarinta a ko'ina. A ƙaddara wannan zuriya ba ta da farko, kowace na'ura tana da uwa. An bayyana gaɓoɓin robar kowace ɗaya, babu shakka. Amma kowace ɗaya tana ɗauke da kan zafi, kuma babu ko ɗaya a cikinsu mai iya samar da shi. Ƙara yawansu, ko da zuwa marar iyaka, ba ya ƙara musu iyawar da babu ita a ɗayansu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya gina hujjarsa a kan wannan gaɓa, shi ya sa bai damu da ko sarƙar tana da farko a zamani ko ba ta da shi ba. Abin da ya tambaya shi ne: tarin abubuwan da kowannensu samuwarsa ta aro ce, daga ina tarin ya samo abin da yake arawa? Za a ce ba kowace sifa ta ɓangare ce take hawa kan jimla ba, kuma haka ne. Kowane hawa na abin da aka buga siriri ne, amma abin da aka gama bugawa yana iya zama mai kauri. Sai dai kowane hawa roba ne, kuma abin da aka gama roba ne. Dogaro yana cikin kashi na biyu, na sifofin da ke hawa kan jimla, kuma dalilin maganar Hume ce da kanta: idan jimla ba komai ba ce ban da ɗaiɗaikunta, kuma kowane ɗaya yana iya rashin samuwa, to jimlar ma tana iya rashin samuwa, sai tambayar me ya sa aka same ta ta dawo daram.

Mafaka ta ƙarshe ita ce wadda Bertrand Russell ya shiga a muhawararsa da Frederick Copleston a gidan rediyon BBC a 1948, inda ya tsaya a kan cewa duniya tana nan ne kawai, ba ta buƙatar bayani. Wannan matsayi ba ya karo da kansa, kuma ba daidai ba ne a yi kamar an rushe shi da lissafi. Saɓanin gaskiya tsakanin ɓangarorin biyu a nan yake: shin tambayar me ya sa tana da hurumi a mataki na ƙarshe kamar yadda take da shi a sauran matakai? Hukuncina shi ne mai hana ta a can shi ne ke da nauyin kawo dalili. Mutumin da ya ga roba tana tsiyayowa daga sabon kan da ya ɗaura ba ya yarda cewa haka kawai ta tsiyayo. Yana komawa ga ɗaurin da aka yi da sanyi, daga nan ga buɗewar alminiyam, daga nan ga yadda zarrar ƙarfe ke motsi idan ta ji zafi, kuma a kowane mataki yardarsa cewa akwai dalili ita ce take kai shi ga gano dalilin. Ilimin da ya samar da na'urar gaba ɗaya a kan wannan yarda aka gina shi. Wanda ya ce tana aiki a kan nozul da ƙarfe da zarra, amma ta daina aiki daidai lokacin da aka tambayi samuwar su duka, ya kamata ya nuna abin da ya bambanta wannan tambaya da 'yan'uwanta. Girman abin da ake tambaya a kansa bai isa bambanci ba, tun da duniya, iya abin da awo ya nuna, mai sassa ce, mai sauyawa, mai adadin da hankali ke iya ƙaddara waninsa, kuma waɗannan su ne sifofin da suka sa aka nemi dalili a kan ƙaramin abin tun farko.